Albam Ɗin Malam Ba'indiye Da Hoton Tsohuwar Majami'armu

A watan Nuwamban da ya wuce ne muka je Dutsin-Ma domin gaishe da wani dattijon ikilisiya wanda ya kwanta rashin lafiya tun ƙarshen damina. Mun same shi da sauƙi, har yana zaune bisa tabarma a ƙofar zaure yana shan hantsi. Bayan gaisuwa da addu'a, sai ya aiki jikarsa ta jawo masa wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado, ya ce akwai abin da yake so mu gani tun yana da sauran numfashi. Mu dai mun zaci takardun gona ne, ko kuwa katin baftisma. Ashe albam ne na hotuna mai baƙin bango, an naɗe shi cikin wani tsohon zanen Zumuntar Mata.

Da muka buɗe shafin farko sai muka dubi juna. Wani dogon gini ne mai faɗin gindi da tsukakken kai, jikinsa kuwa tun daga ƙasa har sama cike yake da siffofin mutane da na dabbobi, wasu da hannu huɗu, wasu da kan giwa. Ɗaya daga cikinmu ya ce, "Baba, ai wannan ɗakin gumaka ne na Indiya. Me ya kawo shi adakarka?" Dattijon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya ce, "Ku ci gaba da buɗewa, 'ya'yana. Kada ku tsaya a bakin ƙofa."

Yadda albam ɗin ya zo

Matasanmu na yanzu ba za su san cewa an yi zamanin da Indiyawa suka cika makarantun sakandare na ƙasar nan ba. A shekarar 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa, kuɗin man fetur kuwa yana shigowa, makarantu suka yawaita, amma malaman lissafi da kimiyya suka yi ƙaranci ƙwarai a Arewa. Saboda haka aka yi ta ɗauko malamai daga Indiya da Pakistan da Filifin da Masar da Gana. A lokacin Dutsin-Ma da Kurfi duk suna cikin Jihar Kaduna, gama sai a watan Satumba na 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Da farashin mai ya faɗi, sa'an nan darajar naira ta karye a 1986, sai yawancin baƙin nan suka tattara nasu ya nasu suka koma gida.

Dattijon namu yana saurayi ya yi aikin kuku a gidan ɗaya daga cikinsu, wani malamin lissafi mabiyin addinin Hindu, mutumin birnin Madurai da ke kudancin Indiya. Ya ce malamin ba ya cin nama, ba ya shan taba, ba ya zuwa kulob, abu guda ne kawai yake kashe wa kuɗi, wato kyamararsa ƙirar Yashica. Ran da zai tafi kayansa suka fi nauyin da jirgi ya yarda, sai ya zare albam ɗin ya miƙa wa kukunsa, ya ce ai shi yana da nagatif, ya iya sake wankewa in ya isa gida.

Rabin farko na albam ɗin duk hotunan ƙasarsu ne, waɗanda ya zo da su domin ɗebe kewa. Ginin nan da muka fara gani ɗaya ne daga cikin hasumiyoyi 14 na babban wurin bautar Minakshi da ke Madurai. Mafi tsawo a cikinsu ta haura mita 50, wato ta ninka hasumiyar Gobarau ta Katsina fiye da sau uku. Akwai hoton bikin Diwali, wanda sukan yi a watan Oktoba ko Nuwamba, inda mata suka jera ƙananan fitilun yumɓu a bakin ƙofa, ba su da maraba da aci-balbal ɗin iyayenmu. Akwai na bikin Holi, samari sun watsa wa juna garin launi har ba a gane fuskar kowa. Akwai na birnin Banaras, jama'a na sauka matakalai zuwa kogin Ganga da asuba domin wanka na ibada. Sauran kuwa hotunan titi ne kawai, mai keken haya yana barci cikin kekensa, saniya kwance tsakiyar hanya motoci na kauce mata, wata tsohuwa tana shara a ƙofar shagon furanni.

Mu da muka tashi da finafinan Indiya, tun daga su Mother India na 1957 da aka yi ta maimaitawa a gidajen sinima na Kano da Katsina, mun ɗauka mun san ƙasar. Amma a fim kowa kyakkyawa ne, kowa na rawa cikin lambu. A albam ɗin malamin nan ne muka ga ashe su ma suna da tsofaffi masu faso a ƙafa kamar namu.

Wani abu kuma da muka lura, duk yawan hotunan wurin bautar, babu ko ɗaya na can ciki. Daga waje ya tsaya, ko daga tsakar fili. Dattijon ya ce ya taɓa tambayarsa dalili, malamin ya amsa cewa a wurinsu ba a ɗaukar hoton ƙuryar ɗakin bauta, kuma mutum ba ya ɗaga kyamara a fuskar wanda ke addu'a. Daga baya ma, a 2018, bayan wata gobara da ta tashi a harabar wurin, kotu ta hana shiga da wayar salula gaba ɗaya.

Rabi na biyu

Da muka wuce tsakiya sai ga gida. Ga dutsen nan da garin ya ci sunansa, wanda aka ce wani maharbi mai suna Ma ne ya fara zama a kansa, an ɗauko shi da la'asar inuwarsa ta rufe gidajen da ke gindinsa. Ga kasuwa ran da take ci, jakuna da mangala, Fulani mata da ƙoren nono. Ga manyan motoci na zuba ƙasa a wurin aikin madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a 1983. Ga dawakin Yandaka da kwalliyar Sallah. Ga tashar motar Kurfi, wata a-kori-kura maƙare da buhuna, yaran mota na ɗaure igiya. A ƙarƙashin kowane hoto malamin ya rubuta sunan wuri da wata da shekara da ƙananan baƙaƙe masu tsabta, irin rubutun malaman lissafi.

A shafi na biyun ƙarshe ne dattijon ya ɗora yatsa, bai ce komai ba. Ɗan ƙaramin gini ne na ƙasa da rufin kwano, an kafa gicciyen katako a bisa ƙofa, mutum 23 a tsaye a gabansa, manya da yara. A ƙasa an rubuta Kirsimeti, 1981. Majami'arsu ce ta fari. An rushe ta tun shekaru masu yawa aka gina ta bulo a wurin, kuma a duk ikilisiyar, har da gidan fasto da akwatin sakatare, babu wanda ke da hotonta. Mutumin da ke tsakiya riƙe da Littafi Mai Tsarki shi ne mai bisharar da ya fara tara su. Jikokinsa suna cikin ƙungiyar mawaƙa a yau, ba su taɓa ganin fuskarsa ba.

Ashe kukun ne ya gayyaci maigidansa cin tuwon Kirsimeti. Malamin ya zo, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa bisa ga al'adarsu ko da yake an ce masa ba sai ya tuɓe ba, ya zauna a bencin baya har aka tashi sujada. Bai taɓa kyamara ba sai da aka fito, ya nemi izinin mai bishara, sa'an nan ya jera su.

Gaskiya kunya ta kama mu. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma ga raɓar ta bar mana abin da mu 'yan gida muka kasa ajiye wa kanmu.

Ba mu ce laifin iyayenmu ne duka ba. A wancan zamani hoto abu ne mai tsada. Fim guda yana ɗaukar hoto 24 ko 36, ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke, mai kala kuwa sai an aika da shi birni, wani lokaci har Kano, a jira mako biyu, ya dawo rabi ya ƙone. Don haka ba a kiran mai hoto sai ran aure, ko suna, ko in ana neman fasfo na makaranta. Kowa ya sa rigarsa ta Lahadi ya ƙame kamar soja a gaban labule mai zanen bene. Fuskokinmu muka ɗauka, ba mu ɗauki wuraren da muka zauna ba. Wa zai ɓata fim a kan ginin ƙasa da yake gani kullum? Wasu dattawan ma suna ganin hoto fahariya ce ta duniya. Turawan mishan sun ɗauki hotuna da dama, a Babbar Ruga da sauran tashoshinsu na ƙasar Katsina, amma domin masu tallafa musu a gida suka ɗauka, can kuwa akasarinsu suka tafi.

Manyan ranaku ba su rasa masu hoto. An kafa ECWA a 1954, an buɗe Dayosis na Anglikan na Katsina a 1990, sa'an nan a Disamba 2023 da aka keɓe Bishop Gerald Musa a kan sabon Dayosis na Katolika na Katsina, wayoyi sun fi hannuwa yawa a sama. Abin da ke salwanta shi ne tarihin ƙananan ikilisiyoyi, na rumfar kara da ta zama ɗakin ƙasa, da ramin da aka yi baftismar fari a cikinsa, da matan da suka ɗebo ruwan kwaɓa ƙasa a ka.

Gardamar da ta tashi

Da labarin albam ɗin ya kai kunnen dattawan ikilisiya, sai aka ce a kawo shi majami'a ran Lahadi kowa ya gani. Nan fa wani dattijo ya miƙe ya ce bai yarda ba. Shi daga gidan Maguzawa ya fito, ya ce da idonsa ya ga ran da mahaifinsa ya fitar da kayan tsafin gidansu ya cinna musu wuta, 'yan'uwa suka juya musu baya shekara da shekaru saboda wannan. Yanzu kuma a shigo da hoton gumakan wata ƙasa cikin ɗakin sujada? Ya kawo dokar da ke cikin Fitowa sura 20 game da siffofi.

Wani malamin makarantar Lahadi ya amsa masa da ladabi, ya ce, "Baba, dokar ta hana yin siffa domin a rusuna mata ne. Ba wanda zai rusuna wa albam." Ya tuna musu da Ayyukan Manzanni sura 17, yadda Bulus ya zaga birnin Atina yana duban wuraren bautarsu da kyau, har ya karanta rubutun da ke jikin wani bagade, da abin da ya gani kuwa ya buɗe wa'azinsa. Ya ƙara da cewa a Indiyar nan akwai Kirista kusan miliyan 28 bisa ga ƙidayar 2011, waɗansunsu a jihar Kerala suna danganta ikilisiyarsu da Manzo Toma, kuma kullum ta gaban irin waɗannan gine-gine suke wucewa zuwa sujada.

A ganinmu malamin yana da gaskiya, amma dattijon ma ba shirme ya faɗa ba. Wanda bai taɓa kwana a ɗakin da ake yanka wa iskoki ba, da sauƙi zai ce hoto takarda ce kawai. Bulus ɗin nan da ya zaga Atina, shi ne kuma ya gargaɗi Korintiyawa kada saninsu ya zama sanadin tuntuɓe ga ɗan'uwa. A ƙarshe aka shirya cewa albam ɗin zai zauna a gidan mai shi, duk mai son gani ya je can, hotunan Dutsin-Ma da Kurfi kuwa a kwafe su a kawo. Mun ji daga baya cewa dattijon da ya ƙi ɗin ya je gidan da kansa da dare, ya duba tun daga shafin farko, ya daɗe a kan hoton tsohuwar nan mai shara.

Ga masu riƙe da waya

Yau kowane matashi a Sabon Rai yana da kyamara a aljihu wadda ta fi ta malamin nan. Amma mu tambayi kanmu, ina hotunan Kirsimetin shekara biyar da suka wuce? Suna cikin wayar da ta faɗa ruwa, ko wadda aka sace a tasha. Hoton malam ya kai shekara 40 da ɗoriya domin an wanke shi a takarda, an kuma rubuta masa suna. Shawararmu ita ce kowace ikilisiya ta zaɓi hoto ko da goma ne a shekara ta wanke, a rubuta a baya da fensir, ba da biro ba domin tawada takan huda ta ɓata fuska, a sa rana da wuri da sunayen mutane daga hagu zuwa dama. A ajiye cikin gwangwani mai murfi a bisa wani abu, nesa da bango, saboda gara da laimar damina. Masu tsofaffin hotuna za su ga masu kala na shekarun 1980 sun fara juyewa ja-ja, gama launinsu yakan koɗe, alhali baƙi-da-fari na nan garau. Irin waɗannan a yi hanzarin sake ɗaukarsu da waya, a shimfiɗa su a inuwa kusa da ƙofa, a kashe filas, a riƙe wayar daidai bisa hoton. In za a aika ta WhatsApp a aika shi a matsayin takarda, in ba haka ba yakan rage masa kyau.

Wajen ɗauka kuma, hazon hunturu yakan sa hoton Kirsimeti ya fito fari fat in an ɗauka da tsakar rana. Hantsi ya fi, ko la'asar, rana tana bayan mai ɗauka. In mata sun sa fararen riguna, a taɓa fuskar mutum a gilashin wayar kafin a danna, don kada riga ta fito fuska ta ɓace. A ja da baya kuma a haɗa da ginin, da itacen da ke gefe, da masu dafa abinci a bayan majami'a.

Sai dai akwai abin da malamin bai fuskanta ba wanda mu muke ciki. Ya zaga ƙauyukan Kurfi a kan babur shi kaɗai, ba abin da ya same shi sai yara masu binsa. A shekarun nan kuwa 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a wannan yanki, har a Satumba 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi, kusan wata uku. Wanda ya gudu da dare da yara a kafaɗa ba ya tuna albam. Har wa yau, baƙon fuska da ya ɗaga waya a kasuwa ko tasha ana iya ɗaukarsa mai kai wa ɓarayi rahoto, abin kuwa ba ya ƙarewa da daɗi. Saboda haka muna roƙon matasanmu, kada a ɗauki shingen jami'an tsaro, kada a ɗauki kara ta dabbobi ko tasha sai an gai da shugabannin wurin an faɗi abin da ya kawo mutum. Hoton da ke nuna hanyar shiga majami'ar ƙauye, ko gidan fasto, ko lokacin sujada, a ajiye shi a gwangwani, ba na Facebook ba ne.

Game da maƙwabtanmu Musulmi kuwa, ba mu da abin ƙarawa a kan halin malamin nan. Hawan Sallah a Ƙofar Soro abin kallo ne na kowa, mahaya ma suna son a ɗauke su. Amma masallaci da filin Idi lokacin salla wurin ibada ne, a tsaya daga nesa. Matan aure ba a ɗaukarsu sai da yardarsu, akwai kuma waɗanda ba sa son hoto sam saboda addini, in mutum ya ɗaga hannu a sauke waya a ba shi haƙuri. Mu ma ba ma jin daɗi in baƙo ya shigo tsakiyar Jibin Ubangiji yana haska mu.

A Kurfi

Cikin mutum 23 da ke hoton, dattijon ya iya tuna sunan 12. Ya ce mu je Kurfi wurin wata gwauruwa da ke zaune a gidan ɗanta, ita ce ta shugabanci Zumuntar Mata a wancan lokaci. Muka biya a kan hanyarmu ta komawa Katsina. Mun same ta tana ɓarar gyaɗa. Muka durƙusa muka gaishe ta, muka miƙa mata kwafin da muka sa aka faɗaɗa. Ta kai shi kusa da ido, ta nisanta, ta sake kusantowa, sa'an nan ta ce, "Wa ya ba ku wannan?" Muka faɗa mata. Ta ce, "Ba'indiyen nan da ya ƙi cin zakaran da na yanka? Sai da na dafa masa wake daban."

Ta bi su ɗaya ɗaya da yatsa, muna rubutawa. Wannan ɗan sanda ne da aka yi wa canji zuwa Funtuwa. Wannan ma'aikacin asibiti ne, mutumin Zonkwa. Da ta zo kan wani dogo a layin baya sai ta yi shiru, ta goge hoton da bakin zanenta ko da yake ba ƙura a kansa. Ɗanta ya matso ya leƙa, ta ce masa, "Ga babanka. Wannan hular ni na saya masa a kasuwar Dutsin-Ma."

Ta ba mu suna bakwai, suka zama 19. Saura huɗu, yara uku da wata mace da ta juyar da kai daidai lokacin da aka danna. Mama ta ce ta san zanen amma sunan ya ɓace mata, sai dai ta tuna matar daga wani ƙauye take ta wajen Safana, ta kuma ji an ce danginta sun koma Malumfashi. Mun bar mata kwafi guda, mun aika da wani ga wani fasto a Malumfashi domin ya nuna wa tsofaffin ikilisiyarsa bayan sujada.